CUTUTTUKAN DA MUTUM KE ƊAUKA DAGA DABBA

An shirya wannan 'yar takarda domin masu gida da matan gida na karkara. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure, ko a dandali, ko a cikin gida bayan an gama aiki. A karanta ta sannu sannu, kashi kashi, a kuma amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Mutumin ƙauye da dabba ba su rabuwa. Kaji suna kwana a akurki kusa da ɗaki, awaki suna turke a tsakar gida, kare yana gadi a bakin ƙofa, ɓera kuwa ko ba a gayyace shi ba yana cikin rumbu. Masana sun ƙididdige cututtukan da ke yaɗuwa tsakanin mutane, suka tarar wajen 6 cikin 10 asalinsu daga dabbobi ne. Cikin sababbin cututtuka da suka bayyana a zamaninmu kuwa, wajen 3 cikin 4 daga dabba suka fito. Don haka lafiyar dabbar gidanka, da tsaftar wurin da take, suna cikin lafiyar iyalinka.

MECE CE BAIRAS?

Ƙwayoyin cuta iri iri ne. Akwai manya, kamar tsutsar ciki, da ido ke gani. Akwai waɗanda ake kira bakteriya, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Akwai kuma waɗanda suka fi duka ƙanƙanta, su ake kira bairas. Da za a jera 500 daga cikinsu a layi ɗaya, da kyar su kai kaurin gashin kai guda.

Bairas ba ta iya haihuwa ita kaɗai. Tilas sai ta shiga jikin mai rai, mutum ko dabba, ta mai da jikin nan wurin hayayyafarta. Ƙyanda, da shan inna, da agana, da mura, duk aikin bairas ne.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Kafso da allurar fenisilin da ake saye a kantin magani, bakteriya suke kashewa, ba su taɓa bairas ko kaɗan. Wanda bairas ta kama, ya tsaya shan kafso a gida, ya yi hasarar kuɗinsa, ya kuma yi hasarar kwanakin da likita zai iya taimakonsa. Yawancin waɗannan cututtuka maganinsu kaɗan ne in sun riga sun kama jiki. Babban makami a kansu shi ne a toshe hanyar da suke bi daga dabba zuwa mutum.

A nan za a yi bayanin hanyoyi uku: hanyar ɓera, da hanyar kare, da hanyar kaza.

HANYA TA FARI: ƁERA DA ZAZZAƁIN LASSA

Lassa sunan wani gari ne a Jihar Borno. A can ne cikin 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta mutu. Wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu, ta mutu. Ta uku aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta warke. Daga jinin waɗannan mata masana suka fid da ƙwayar cutar, suka sa mata sunan garin. Bayan 'yan shekaru aka gane a ƙasar Saliyo cewa wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita.

Wannan ɓera yana zaune a gonaki da cikin gidaje. Macen tana da nonuwa jere biyu, sun fi na sauran ɓeraye yawa, tana kuwa haihuwar 'ya'ya da yawa a lokaci guda. Cutar ba ta kashe shi. Yana yawo da ita, yana zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya hau kan tuwon da aka bari a buɗe, ko garin da aka shanya, ko ya shiga randa, wanda ya ci ko ya sha yana iya kamuwa. Haka mai shara da ya shaƙi ƙurar da kashin ɓera ya bushe a ciki, da yaron da ya kama ɓera ya feɗe shi.

Me bincike ya ƙara nunawa?

Cikin 2016 masana suka ba da labarin sun sami wannan ƙwaya a jikin waɗansu irin ɓeraye dabam a Nijeriya. Don haka kada mutum ya tsaya bambance ɓera, ya ce wannan mai cuta ne, wancan ba shi da ita. Kowane ɓera a gida abin kora ne.

Cikin 2018 cutar ta yi yawa ƙwarai a Nijeriya, har aka ji tsoro ko ta sake hali ne ta koma saurin bin mutane. Masana na asibitin Irrua a Jihar Edo, da na jami'ar Redeemer's a garin Ede, tare da abokan aikinsu na ƙasashen waje, suka ɗibi jinin marasa lafiya, suka duba asalin ƙwayar da ke jikin kowa. Suka tarar ƙwayoyin ba daga tushe ɗaya suke ba. Watau yawancin mutanen nan ba daga junansu suka ɗauka ba, kowa daga ɓeran wurinsa ya samu. Wannan ya nuna inda aikin yake. Yana cikin ɗakin girki, da rumbu, da juji.

Cutar ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Jihohin da aka fi samunta sun haɗa da Ondo, da Edo, da Bauchi, da Taraba. Lokacin nan ne aka gama girbi, hatsi yana gida, ana kuma ƙona daji, ɓeraye suna gudowa cikin gari.

Alamunta sukan fito tsakanin kwana 2 zuwa kwana 21 bayan kamuwa. Da fari kamar zazzaɓin cizon sauro take: zafin jiki, da ciwon kai, da kasala. Sa'an nan ciwon maƙogwaro, da ciwon ƙirji, da amai, da gudawa. In ta yi tsanani fuska takan kumbura, jini ya fito ta baki, ko hanci, ko ƙasa. Wajen mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba su jin jiki sosai, amma sauran takan kwantar da su ƙwarai. Cikin waɗanda suka tashi daga ciwon, wajen 1 cikin 4 yakan sami kurumta, waɗansu kunnen yakan buɗe bayan wata 1 zuwa 3. Ga mai tsohon ciki ta fi haɗari, gama mafi yawan lokaci cikin yakan zube, ita ma ranta yana cikin haɗari.

Abin da za a yi:

1. A rufe abinci da ruwan sha kullum, dare da rana. Randa da tulu su kasance da murfi.
2. A zuba hatsi da gari cikin abin da ɓera ba ya iya hudawa, kamar duro mai murfi ko tukunya. A ɗaga rumbu daga ƙasa, a liƙe tsagarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
3. Kada a shanya rogo, ko gari, ko barkono a ƙasa ko a bakin titi a bar shi ya kwana.
4. A nisanta juji daga ɗakuna, a nome ciyawar da ke jikin danga, a toshe ramuka.
5. A yayyafa ruwa kafin a share ɗakin da ɓera ke shiga, domin ƙura ta kwanta.
6. Kada a ɗauki mataccen ɓera da hannu. A sa shebur ko leda, a binne shi, a wanke hannu da sabulu.
7. A hana yara farautar ɓera da cinsa.

In zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, a kai mara lafiya asibiti, a gaya wa likita ko akwai ɓeraye a gidan. Wanda aka kai da wuri ya fi samun tsira. Mai jinya kada ya taɓa jini, ko amai, ko fitsarin mara lafiya da hannu tsirara, gama ta nan mutum ke ɗauka daga mutum. In rai ya yi halinsa, a bar ma'aikatan lafiya su nuna yadda za a yi wa mamaci sutura ba tare da wani ya kamu ba. Namijin da ya warke ya nemi shawarar likita kafin ya koma shimfiɗar iyalinsa, domin ƙwayar takan daɗe a jikinsa har watanni.

Cikin 2024 aka fara gwada wata allurar rigakafin wannan cuta a jikin mutane a Abuja. Gwaji ke nan, ba a kai ga raba wa jama'a ba. Kafin ta zo, murfin tukunya shi ne rigakafinmu.

HANYA TA BIYU: KARE DA CIWON HAUKA

Ciwon haukan kare tsohon ciwo ne, kowa ya ji labarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe wajen mutum 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Wajen 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu.

Ƙwayar tana cikin yawun dabbar. In kare ya yi cizo, ko ya yi yaƙushi, ko ya lashi miki, sai ta shiga. Daga nan takan bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan takan ɗauki wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Cizo a fuska ko wuya ya fi saurin isa, gama hanyar gajeriya ce. Abin da ke ruɗin mutane ke nan. Miki ya warke, an manta, sa'an nan ciwo ya taso. Mara lafiya yakan firgita, ya kasa haɗiya, ya riƙa tsoron ruwa ko da ƙishirwa na damunsa. In alamun nan suka bayyana, kusan ba mai tashi. Amma kafin su bayyana, allura tana tare cutar a hanya. Tun 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya fara ceton mutum da irin wannan allura.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke kai cizo ba. Wani yakan yi ta yawo yana cizon duk abin da ya gani, har itace da dutse. Wani kuwa lafewa yake yi, baki a sake, yawu na zuba. Kyanwa, da jaki, da saniya, su ma suna kamuwa. Saniyar da ke ta kuka, tana dalalar da yawu kamar abu ya maƙale mata a wuya, kada a sa mata hannu a baki. A kira malamin dabbobi.

In kare ya ciji mutum:

1. Nan da nan a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa, har minti 15. Kada a gajarta. Wankin nan kaɗai yana rage ƙwayar ƙwarai.
2. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko barkono, ko gashin karen. Kada a ɗaure mikin tamau.
3. A tafi asibiti ran nan, ko da mikin ƙarami ne. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba. Akan yi ran fari, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, likita kuma zai faɗa in akwai saura. A cika ta duka.
4. In an san karen, a tsare shi inda ba zai kai ga kowa ba, a lura da shi kwana 10, a gaya wa malamin dabbobi. Amma kada a jira kwanakin nan su cika kafin a fara allura.
5. A koya wa yara su faɗa in kare ya cije su. Yaro yakan ɓoye don tsoron duka. Kada a doke shi, a wanke masa.

Binciken da aka yi a ƙauyukan Tanzaniya, aka buga cikin 2009, ya bi sawun mahaukatan karnuka ɗaya ɗaya, aka ga yawanci kowane kare ɗaya ko biyu kaɗai yake sa wa cutar kafin ya mutu. Ashe sarƙar ba ta da ƙarfi. In aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, aka maimaita kowace shekara, sai ta tsinke. Ta wannan hanya ƙasar Meziko ta raba mutanenta da ciwon haukan da ake ɗauka daga kare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka cikin 2019. Don haka mai kare, mafarauci ne ko makiyayi ko mai gadi, ya kai karensa allura tun yana ɗan wata 3, sa'an nan kowace shekara. Kuɗin allurar kare bai kai na allurar mutum ba ko kusa.

HANYA TA UKU: KAZA DA MURAR TSUNTSAYE

Cikin Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye, irin da ake kira H5N1, a wata gonar kaji a Jaji cikin Jihar Kaduna. Shi ne karo na fari da aka tabbatar da ita a kajin Afirka. Kaji masu ɗimbin yawa suka mutu, ko aka kashe su don a tsai da cutar. Cikin Janairu 2007 wata mace ta mutu da ita a Legas. Cutar ta sake dawowa cikin 2015, da 2021.

Tsuntsayen ruwa masu ƙaura su ne ke ɗauke da ita daga ƙasa zuwa ƙasa. Irinsu ne ke sauka da rani a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi. Agwagwa tana iya ɗauka ba ta nuna ciwo ba, ta sa wa kaji. Daga nan kasuwa, da kwandon kaji, da takalmin mai shiga gona, su kai ta gari gari.

Alamarta ita ce mutuwar kaji farat ɗaya, da yawa, cikin kwana ɗaya ko biyu. Kai yakan kumbura, zanko ya yi baƙi baƙi, ƙafafu su yi ja kamar jini ya kwanta. Akwai wata annobar kaji da aka saba gani da hunturu mai kama da ita, ido kuwa ba ya raba su. Sai an kai samfuri ɗakin bincike, kamar na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato.

Mutum ba ya saurin ɗaukarta, amma in ta kama shi takan yi tsanani. An saba in kaza ta fara layi a yi maza a yanka kada ta zama mushe. A nan haɗarin yake. Wuta tana kashe ƙwayar in nama ya dahu sarai, amma mai yanka, da mai figa, da mai gyaran kayan ciki, sun riga sun taɓa ta, sun shaƙe ta.

Cikin Maris 2024 aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Aka sami wannan mura a jikin shanun tatsa a Amurka, ƙwayar kuwa cike a cikin madararsu. Waɗansu masu tatsa suka kamu, yawancinsu jan ido suka yi. Kyanwowin da suka sha ɗanyar madarar waɗansu suka mutu. Aka gwada, aka ga dafa madara yana kashe ƙwayar. A Amurka abin ya faru, amma darasin na kowa ne: a tafasa madara kafin a sha, ko kafin a kwantar da ita ta zama nono.

Abin da za a yi:

1. Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane. A yi musu akurki dabam, a raba su da agwagi.
2. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida.
3. In kaji suka fara mutuwa, kada a yanka, kada a sayar, kada a bayar. A gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi ran nan.
4. A binne matattu cikin rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba. A sa leda a hannu, a rufe hanci da baki.
5. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa kaji, ko ƙwai, ko kashinsu. A dafa ƙwai da nama sarai.

ABIN DA AKA TAƁA CI NASARA A KANSA

Kada wani ya ce waɗannan cututtuka sun fi ƙarfin mutane. Tsofaffin makiyaya sun san bushiya, ciwon nan da ya share garkunan shanu a ƙasar Hausa da sauran Afirka wajen 1890, ya kuma sake ɓarna a Nijeriya cikin 1983. Ita ma bairas ce, 'yar'uwar ƙyanda ce ta kusa. Cikin 1962 Nijeriya, da Nijar, da Kamaru, da Chadi suka haɗa kai suka fara yi wa shanu allura garke garke. Aka ci gaba da aikin a ƙasashe da yawa, har cikin 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya. Agana ma haka, da lamba aka kore ta, aka yi shelar ƙarewarta cikin 1980. Dukansu biyu da hannun talakawa aka yi aikin: makiyayin da ya kawo shanunsa, da uwar da ta miƙa hannun ɗanta.

AIKIN KOWA

Mai gida, gyaran rumbu, da toshe ramuka, da kai kare allura naka ne. Uwargida, rufe abinci, da tafasa madara, da lura da yara naki ne. Mai unguwa da dagaci, ku ne za ku kai labari in kaji na mutuwa, ko mahaukacin kare ya shigo gari, ko mutum biyu uku sun kwanta da zazzaɓi iri ɗaya a gida guda. A kai labarin ga asibiti mafi kusa, ko ga duba-gari, ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Mai waya yana iya kiran Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya a kan 6232, ba a biyan kuɗin kira. Ɓoye cuta ba ya warkar da ita, sai dai ya kai ta gidan maƙwabci. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Don me kafso ba ya warkar da cutar bairas?
2. Ta waɗanne hanyoyi zazzaɓin Lassa ke shiga jikin mutum daga ɓera?
3. Me masana suka gane cikin 2018 game da inda mutane ke ɗauko wannan zazzaɓi?
4. Minti nawa za a yi ana wanke cizon kare, da me kuma za a wanke?
5. Karnuka nawa cikin 10 ya kamata a yi wa allura a gari?
6. In kajinka biyar suka mutu dare ɗaya, me za ka yi, me kuma ba za ka yi ba?
7. Ku duba gidanku yau. Ina ɓera ke shiga, wa kuma zai toshe wurin?